Folish da inji: gyaran fenti yake yi ko cinye shi?

Abban Husna: Salam 'yan gida. Dan Allah masu ilimin fenti ku shigo. Camry Muscle ce baƙa, 2010, fes bodi, in ban da bambar gaba ba inda aka taɓa fesawa. In tana inuwa lafiya lau take, amma da rana ta haska ta sai ka ga wasu siraran zane zagaye-zagaye sun cika bonat da ƙofofi da saman but. Yaron da ke wanke min ya ce a kai ta a sa mata inji, maƙocina kuma ya ce in na kuskura inji ya taɓa ta shekara ɗaya ba za ta yi ba fentin zai mutu. Wa zan bi a cikinsu?

Dan Gwale: Bi maƙocinka Alhaji. Ni dai duk motar da na ga an yi wa folish da inji sati biyu take ƙyalli daga nan ta fi da muni.

Maman Iman: Nima ina jiran amsa, tawa Corolla ce ruwan bula mai duhu kuma exactly haka take yi min

Usta Garba mai fenti: Wa alaikumus salam. Alhaji kawo ta kawai, wannan ai ƙaramin aiki ne. A bi ta da samfefa 2000 da ruwa, a sa man gogewa na G3 da soson ulu a inji, a gama da waks, kafin la'asar ka ɗauki abarka kana ganin fuskarka a ƙofa. Tun zamanin 504 muke wannan aikin, ba yau muka fara ba.

Nura Abuja: Baba Usta ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Amma da izininka ban yarda a sa wa motar nan samfefa ba, kuma bari in faɗi dalili don kowa ya gane abin da ake cewa folish ɗin ma.

Fentin mota na kamfani hawa-hawa ne, akwai na ƙasa mai hana tsatsa, sai firaima, sai launin kansa, sai kuma kiliya a sama, wato wannan mai haske da ba shi da launi wanda shi ke ba da sheƙi kuma shi ke tare rana. Duka gaba ɗaya a yawancin motoci tsakanin maikiron (ma'aunin kauri ne ɗan mitsitsi) 100 ne zuwa 150 ko sama kaɗan, kiliyar kaɗai kuma ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba. Takardar A4 da ake fotokwafi da ita ta kai kusan maikiron 100, kun ga kenan kiliyar ba ta wuce rabin kaurin takarda ba. Zanen da Abban Husna yake gani a cikin kiliyar nan suke, ƙananan ramuka ne, haske na faɗawa gefensu sai ya warwatse shi ya sa ido ke kama su a rana. Inji ba cike ramin yake ba, kankare kiliyar da ke kewaye da ramin yake har ta sauko daidai da ƙasan ramin sai wurin ya zama sumul. To duk sanda aka sa inji an rage kiliya kenan kuma ba ta tsirowa. Folish mai laushi ɗan kaɗan yake ci, maikiron biyu ko uku haka, kwamfawun, wato man gogewa mai kaifi, da soson ulu ya fi ci sosai, samfefa kuma ita ce uwa uba. Zanen wanki irin wannan ba su da zurfi, folish mai laushi ko matsakaici ya ishe su, me zai sa a kwashe kiliyar da za ta yi wa mutum shekaru a yini ɗaya?

Dan Gwale: To ai ka ga maganata ta fito, cin fenti yake

Nura Abuja: Yana ci mana, ban musa ba. Maganar ita ce nawa ya ci kuma sau nawa aka yi. Sau ɗaya da hannu mai hankali ba ya kashe fenti. Wanda duk bayan wata uku yake kai motarsa a goge da kwamfawun shi kam maƙocin Alhaji ya faɗa masa gaskiya.

Usta Garba mai fenti: Nura ɗana ka yi bayani mai kyau amma ku yaran yanzu komai sai kun kawo lamba. Ni hannuna da idona su ne ma'aunina. In na ɗora tafin hannu a bonat na san ko ya ɗauki zafi, in na kalli launin da ke fitowa a soso na san inda na kai. Kuma samfefar da na ce ba wai a dirje motar ba ne, shafa ce kawai a fitar da datti da ya kafe.

Nura Abuja: Baba ai a 504 da tsofaffin Marsandi maganarka daidai ce ɗari bisa ɗari, domin yawancinsu fenti ne mai hawa ɗaya, launi da sheƙi a haɗe, kana gogewa launin na fitowa a soso kuma hakan ba laifi ba ne, saman da ya mutu ne yake fita. Amma a mota mai kiliya ranar da ka ga baƙi a sosonka to an gama, ka huda kiliya ka shiga launi, ba abin da zai gyara wurin sai fesawa. Idon ba zai gaya maka saura maikiron nawa ba sai bayan ka wuce. Dattin da ya kafe kuma akwai wani abu mai kama da ƙullin danƙo da ake murzawa da ruwan sabulu bayan wanki, shi ke tsince kwalta da ƙurar ƙarfe da feshin fenti da suka manne ba tare da an taɓa kaurin kiliya ba.

Usta Garba mai fenti: Wannan na yarda, na kiliya ba a ganin launi. Amma ka sani kai motocin manya kake yi a rumfa mai fanka da fitilu, mu nan mutum zai zo da Golf yana so a gama kafin ya idar da sallar azahar kuma kuɗin da zai bayar ko soso ɗaya naka ba zai saya ba.

Nura Abuja: Hahaha Baba wannan kuma ba ni da amsa

Engr. Bash: Ni abin da nake so a yi magana a kai shi ne injin kansa, don a nan ake ta'asar. Ku zagaya wuraren wankin mota ku gani, da yawa abin da suke kira injin folish giranda ce ta yankan ƙarfe aka cire faifan aka ɗaura soso. Ƙaramar giranda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya kuma yawancinsu ba su da wurin rage gudu. Injin folish na gaskiya mai juyi ɗaya ana aiki da shi ne wajen 1,000 zuwa 1,800 a minti. Ku lissafa bambancin. Da wannan gudun daƙiƙa kaɗan soso ya tsaya a wuri guda kiliya ta yi laushi ta ƙone, musamman a kan layin bodi da bakin ƙofa da gefen bonat inda fentin dama ya fi siranta. Bamba kuma roba ce ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, ita ta fi saurin tafiya.

Maman Iman: Innalillahi, wallahi irin shi na gani a hannun yaron unguwarmu, ƙararsa kamar zai tsaga kunne

Engr. Bash: Hajiya in kin ji wannan ƙarar ki karɓi makullinki ki tafi kawai.

Nura Abuja: Injiniya ya taɓo wuri. Inji iri biyu ne. Akwai mai juyi ɗaya irin na Baba Usta, yana da ƙarfi yana da sauri, a hannun gwani ba abin da ya kai shi, amma in aka tsaya a kwamfawun da ulu ba a bi da soso mai laushi ba yana barin wani irin zane mai walƙiya da ke bin ka in kana zagaya motar a rana, a baƙar mota abin har ya fi zanen farko ɓata rai. Sai kuma wanda ake ce wa DA, shi yana juyawa yana kuma karkarwa gefe-gefe lokaci guda, ba ya tara zafi a wuri ɗaya, irin na gama-gari ma in ka danna da yawa sai juyin ya tsaya. Ya fi jinkiri amma da wuya ɗan koyo ya ƙona fenti da shi. Ga baƙar Toyota ni DA zan ɗauka, don baƙin fentinsu yana da laushi, ko tawul mara kyau ka goga sai ya nuna. Honda ma haka. Na Jamus irin su Marsandi da BMW da Audi galibi kiliyarsu ta fi tauri, su ne za ka yi ta fama kafin zane ya fita.

Sarkin Dillalai: Ku dai kuna ta turanci. Mu a filin sayar da mota minti talatin ya ishe mu, a wanke a shafa mai a goge, mai saye ya zo ya ga tana walwali ya biya kowa ya kama gabansa lol

Dan Gwale: Allah ya shirye ku Sarki, ashe ku ne

Sarkin Dillalai: Ni ban ce ni ba, na ce mu

Nura Abuja: To Dan Gwale ga amsar ƙyallin sati biyunka nan ta fito daga bakin mai ita. Akwai mayukan da ba sa kankare komai, mai ne da kakin da ke kwanciya cikin zanen ya cike shi na ɗan lokaci, ido ya ga sumul, wanki biyu uku da Omo ya tafi da shi zanen ya dawo, in kuma an haɗa da soso mai datti ya dawo da 'yan'uwansa. Hanyar kama wannan mai sauƙi ce, in mai aiki ya ce ya gama ka ce ya goge wani ɓangare da sifirit da aka sirka da ruwa, sannan a fito da motar rana ko a haska fitilar waya a kai. In gyaran gaske ne zai tsaya yadda yake, in kwalliya ce nan take za ta tone.

Abban Husna: Masha Allah ina ƙaruwa. To akwai wani dogon karce a ƙofar baya da yara suka yi min da wani abu, shi ma zai fita?

Usta Garba mai fenti: Alhaji ja farcenka a kai. In farce ya wuce bai maƙale ba zai fita. In ya maƙale to ya yi zurfi, sai dai a rage masa kaifi ya daina ɗaukar ido. In kuwa kana hango fari ko toka-toka a ciki ya kai firaima, wannan aikina ne ba na Nura ba. Ko ka zuba ruwa a kai, in ya ɓace yana jiƙe a kiliya yake.

Nura Abuja: A nan kam ni da Baba bakinmu ɗaya.

Mai Shanu Maraɗi: Sannunku da hira. Ina da tambaya, tawa Highlander ce da ta shigo ta Kwatano, saman rufin da bonat sun yi fari-fari kamar ana ɓare su, gefen wurin har yana tashi in ka sa farce. Wani ya ce folish zai maido ta

Usta Garba mai fenti: Kar ka ɓata kuɗinka ɗan'uwa. Kiliyar ce ta mutu, rana ta cinye ta ta rabu da launin da ke ƙasa. In aka sa inji ma ƙara ɓare ta zai yi, ranar za ka ga ɗan sheƙi saboda mai, bayan kwana kaɗan ta koma. Maganinta a kankare rufin da bonat a sake fesa launi da kiliya. Kuma in za a fesa ka tsaya a kan a sa kiliya mai hadina (sinadarin da ke sa ta taurare) ta kirki, masu arha ɗin nan shekara ɗaya a ranarku ta Maraɗi sun sake tashi.

Nura Abuja: Kuma ku lura kullum rufi da bonat da saman but ne ke fara mutuwa, su ke kallon sama. Shi ya sa nake ta nacin kar a riƙa rage kiliya ba dalili, sinadarin da ke tare hasken rana a cikinta yake, in ta sirance kariyar ta ragu. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nata a duk rayuwar motar.

Engr. Bash: Wani abu kuma game da motocin da ake shigo da su, da yawa daga gwanjon motocin haɗari na Amurka suke fitowa, an gyara su a hanya ko bayan sun sauka, a ce maka fes bodi alhali ƙofa biyu da fanda duk bodifila ne, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi. Na'urar auna kaurin fenti ba ta da tsada sosai yanzu, ana samu a intanet, kana ɗorawa za ta nuna maka. Ka ga ko'ina 110, 120, sai ka zo wata ƙofa ka ga 300 ko 400, an sake fesa ta, in ta haura 1,000 kuwa akwai fila a ƙasa. Amfaninta biyu, ranar saye da ranar folish. Sai dai irin ta gama-gari ba ta karanta bamba tunda roba ce.

Sarkin Dillalai: Injiniya dan Allah ka bar mu mu ci abinci mana

Usta Garba mai fenti: Mu da maganaɗisu muke gane fila tun kafin a ƙero na'urar taku. Ka naɗe shi a tsumma ka bi bodi, inda ya ƙi kamawa sosai akwai labari.

Engr. Bash: Gaskiya ne Baba, amma maganaɗisu ba zai nuna maka wurin da wani ya riga ya goge har ya rage saura 70 ba, kuma irin wurin ne ke hudewa a hannun mutum a ce shi ya ɓata.

Hajiya Ummi Kd: Ni duk na karanta amma ba wanda ya faɗi abin da ya kawo zanen tun farko. Maigidana kullum da safe maigadi ke bin motarsa da busasshen tsumma yana kakkaɓe ƙura, musamman da hunturu, na yi magana na gaji. Ba shi ba ne?

Nura Abuja: Hajiya kin gama magana wallahi, shi ne. Ƙurar hunturun nan da ke tasowa daga Sahara akwai ɓarɓashin yashi a cikinta kuma yashi ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba, duk sanda aka ja busasshen tsumma a kai an yi wa motar samfefa ne ba a sani ba. Haka wankin bokiti ɗaya, a wanke taya da ƙasan mota a mayar da soson cikin ruwan a ɗauko a hau bonat da shi, tsumman ya faɗi ƙasa a karkaɗe a ci gaba. Abban Husna ko nawa ka kashe a folish in ka mayar da ita hannun da ya yi mata wannan zanen to kafin ƙaramar sallah ta koma gidan jiya kuma ka yi asarar kiliya a banza. A fara kwarara ruwa sosai ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa, bokiti biyu ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, daga sama a gangaro ƙasa, soson taya daban, a tsane da tawul mai laushi mai tsabta. Omo da sabulun wanke-wanke kuma suna wanke waks ɗin da aka sa, a nemi shamfu na mota. In ba ruwa ranar gara a fita da ita da ƙurarta.

Hajiya Ummi Kd: Bari in tura masa wannan, ƙila in daga bakin namiji ya ji zai yarda

Dan Gwale: A fita da ƙura kuma? Ka san mutanenmu, a ga Alhaji da mota buɗu-buɗu a ɗaurin aure ai sai a ce karaya ta zo

Maman Iman: To rigar mota fa, tampol ɗin nan da ake rufawa?

Engr. Bash: In motar a wanke take kuma rigar na da laushi a ciki babu laifi. In da ƙura a jiki kika rufa, iska na kaɗa rigar tana goga ƙurar a fenti duk dare. Sannan a kula da inuwar bishiya, kashin tsuntsu yana cin kiliya in ya kwana biyu a rana, har ya bar tambari ko an wanke. Ruwan burtsatse ma in ya bushe a jiki a tsakar rana yana barin ɗige-ɗige fari, wasu sai da folish suke fita.

Abban Husna: To yanzu a taƙaice me zan ce wa mai aikin in na je? Kuma wannan siramik na shafa wa fenti da ake ta talla ya zama dole?

Nura Abuja: Ka ce ya wanke ta tas ya cire dattin da ya manne, ya manna tef a robobi da bakin layuka, a inuwa zai yi ba a rana ba kuma bodin ya huce. Sannan ya gwada a ɗan wuri kaɗan a bonat da folish mafi laushi tukuna, ku duba tare, in ya isa shikenan a bi sauran da shi, in bai isa ba a ƙara kaifi mataki ɗaya. Kar ka nace sai kowane zane ya fita, masu zurfin a bar su. Baƙar mota irin taka aikin yini guda ne cur, wanda ya ce maka awa ɗaya ka san me zai yi. Siramik ba dole ba ne, yana sa wanki ya yi sauƙi kuma yana daɗewa fiye da waks da ke tafiya cikin 'yan watanni, amma ba ya hana karce yadda masu talla ke faɗa, kuma in aka shafa shi a kan zane to an rufe zanen a ciki ne.

Usta Garba mai fenti: Ƙari ɗaya, bambar da ka ce an fesa, in sabon feshi ne kar a sa mata waks ko siramik sai ta yi kamar wata guda, fentin yana buƙatar ya gama fitar da tina. Kuma Nura in ka shigo Kaduna ka zo min da DA ɗin nan in gwada a hannuna, ba wai na yarda ya fi nawa ba ne.

Nura Abuja: In sha Allah Baba, har da na'urar awon zan taho, mu auna motocin da ke garejin mu ga wa zai fara jin kunya

Mai Shanu Maraɗi: Usta kafin ka tafi, fitilun gaba da suka yi ruwan ɗorawa fa, su ma fesawa ne ko inji zai yi?

Usta Garba mai fenti: Su samfefa da ruwa ne daga 800 a haura har 2000 ko 3000 sannan inji, amma dole a bi da kiliya ko wani abin tare rana a sama, in ba haka ba wata shida sun sake yin ja. Turo hotonsu in gani ko daga ciki ne suka yi gumi, in daga ciki ne wannan wani aikin ne daban.